Inna Tafasa da Ƙwayoyin da Ba a Kashewa

Idan ka shiga gidan Inna Tafasa ta ba ka ruwa, ka sha ka gode, amma ka sani kafin ka kai bakin ƙofa kofin nan ya faɗa tukunya. Kada ka ɗauka ƙyamarka take yi, bawan Allah, ko ɗan da ta haifa ne ya sha haka za a yi wa kofin. Cokali, matsefi, almakashin yanke farce, makullin ɗaki in ya faɗi ƙasa, babu wanda bai san zafin ruwa ba. Marigayi mijinta ya taɓa neman tabaransa har ya gaji, daga baya ya hango shi yana iyo a kan wuta, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Ya tsamo shi da ludayi, ya juya shi, ya ce, "Baiwar Allah, a gidan nan ni kaɗai na rage ba ki dafa ba." Ta ce masa tukunyar ce ta yi kaɗan.

Sunan daga wurin aiki ta kwaso shi. Ta ƙare ƙuruciyarta a wani ɗaki na ƙarƙashin bene a babban asibiti, ɗakin da babu mai zuwa dubiya, inda ake sauko da kayan tiyata da jininsu a jiki. A nan take wanke su, ta bi haƙoran kowane hantsaki da buroshi, ta naɗe su a ƙyalle, ta cusa su cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai huci kamar za ta tashi sama. Tururi ya yamutsa mata yatsu tun ba ta tsufa ba. Ɗalibai masu koyon jinya idan aka aiko su ɗakin sai sun tsaya a bakin ƙofa sun duba faratansu, domin wadda ta shigo da dogon farce sai ta fita da kuka. Har ta yi ritaya, kalma ɗaya aka sani a bakinta, ko me aka miƙo mata: "A tafasa."

Mutane na dariya, ita ma tana taya su, don ba ta da rowar haƙora. Abin da ba su sani ba, wannan yaƙin yana da mafari. Haihuwarta ta fari bakwaini ne, namiji, ɗan mitsitsi da za ka iya ɓoyewa a cikin hula. Ruwan nono bai zo mata da wuri ba, aka haɗa masa madarar gwangwani. Ya fara sha, har ta fara lissafin rigunan da za ta ɗinka masa, sai wata safiya cikinsa ya kumbura, ya yi ƙyalli kamar an shafa masa mai. Bai daɗe ba ya rasu. Wata ma'aikaciya mai saurin baki, tana naɗe zanen gadon, ta ce da ita, "Ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanjinsa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta wuce gado na gaba. Inna kuwa yarinya ce a lokacin, ta koma gida ta zauna tana duban hannuwanta, tana tuna ranar da ta ɗauraye kwalbar madara da ruwan sanyi saboda gajiya. Ta yanke wa kanta hukunci ba tare da alƙali ba. Da aka buɗe neman masu wankin kayan tiyata, ita ce ta fara isa layi.

Sauran 'ya'yanta duk sun rayu, sun girma a gidan da ko ƙuda sai ya yi sallama. Ta ƙarshensu, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta fi jin jiki, don a kanta Inna ta sami lokacin hutu da yawan ruwan zafi. Auta ta auri wani direban babbar mota, mutum mai kirki, sai dai rabinsa na kan hanya kullum. Cikinta na fari yana wata bakwai jininta ya hau, ƙafafu suka kumbura, idanu suka soma ganin wuta-wuta. Likitoci ba su tsaya jiran mijin ba, suka yi mata aiki suka ciro yarinya. Aka kai uwar ɗakin sama da ɗinki a mara, aka kai 'yar ɗakin jarirai na ƙasa aka sa ta a kwalba. Kwalbar dai akwati ne na gilashi mai ɗumi, da ƙofofi biyu zagayayyu inda ake zura hannu.

Tsakanin sama da ƙasa kuwa sai Inna Tafasa, da ƙafafunta masu ƙara a kowace matakala. Auta ta tatsi nono a ɗan kofi mai murfi, abin da bai cika cokali biyu ba, Inna ta rungume shi kamar zinariya ta sauko. A ɗakin jarirai ta tarar da wata tsohuwar ɗalibarta ta zama shugabar masu jinya, doguwa, mai muryar da ke tsallake gadaje. Sista ta gan ta, ta ɗaga hannuwa sama ta juya su gaba da baya.

"Inna, ga su nan, a yanke suke. Kada ki sa ni kuka gaban yarana."

"Ke ce nan? Ashe kin zama mutum. Da na san haka za ki yi tsawo ai da na rage miki faɗa."

Ta leƙa kwalbar. Yarinyar na kwance rub da ciki, fatarta ja, haƙarƙarinta na hawa da sauka kamar na ɗan tsako, siririyar roba ta shiga hancinta zuwa ciki. Inna ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Ke ƙawata, wa ya kore ki? Ɗaki mai ɗumi, abinci kyauta, kin baro kin fito wurin wahala." Daga nan sunan ya bi yarinyar, Ƙawata.

Likitar ɗakin ƙaramar mace ce, mai sanyin magana, wadda Inna ta ce in ba don abin awon da ke wuyanta ba da ta aike ta sayen gishiri. Ita ce ta hau sama ta zauna a gefen gadon Auta, ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba.

"Akwai abin da muke ba bakwaini, amma sai da yardar uwa. Ɗigo ne, sau ɗaya a rana, a cikin nonon. Ƙwayoyi ne masu amfani."

Inna, da ke ninke zani, ta tsaya. "Ƙwayoyin me?"

"Irin waɗanda ke cikin hanjin kowa, Inna. Dangin waɗanda ke mayar da madara yogot."

"Masu rai?"

"Masu rai."

"Nawa ne a ciki?"

"Miliyoyi."

Inna ta nemi kujera ta zauna. Likita ta ci gaba da bayani a hankali. Ta ce akwai wata cuta da ke kama hanjin bakwaini, ciki ya kumbura, hanji ya ruɓe, wani lokaci har ya huje. Hanjin jaririn da ya fito da wuri kamar sabon gida ne da ba kowa a ciki. Yaron da ya cika wata tara yana jikin uwarsa, yana kama nono, mutanen kirki ke fara tarewa. Wanda ke kwalba kuwa, komai an goge, an ba shi magunguna, ɗakunan na nan a buɗe, kuma duk wanda ya riga shiga shi ne mai gida. Ƙwayoyin asibiti masu taurin kai su ne ke kusa da ƙofa.

"Shi ya sa muke sa masu haya na kirki su cika ɗakunan tun da wuri. Ba na ce yana hanawa ɗungurungum ba. Yana dai rage haɗarin, musamman idan ga nonon uwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, can ba a rasa ba, a jarirai ƙanana sosai, ƙwayoyin ɗigon kansu kan shiga jini su kawo ciwo. Da wuya ne, amma muna sa ido."

Jawabin nan duka, da gidansa da masu hayarsa, ya bi ta saman kan Inna Tafasa ya wuce. Jimlar ƙarshe kaɗai ta sami wurin zama. Auta ta dubi uwarta, ta dubi likita, ta ce, "A ba ta." Sai da likita ta fita Inna ta ce, "Na ƙare ƙarfina ina kashe su a ƙasan benen nan, ashe a sama kiwonsu ake yi a firij."

"Inna, don Allah. Zamani ya canja."

"Zamani ya canja, hanji bai canja ba."

Ga yadda aikin ɗakin jarirai yake. Kwalabe sun fi hannuwa yawa, saboda haka uwa, ko wadda ta tsaya a madadinta, ita ke ba da abinci. Da safe Sista ta bi layi da 'yar kwalbar daga firij, ta ɗiga a kofin kowa. Mai jego ta ɗumama kofin a tafin hannu ko a ruwa mai ɗan ɗumi, ta zuba a sirinji, ta haɗa da robar hanci, ta ɗaga, nonon ya gangara da kansa. Sababbin iyaye Sista na tsaye a kansu. Inna Tafasa kuwa wa zai tsaya a kanta? Matar da ta koya wa rabin asibitin wanke hannu? Sista har misali take da ita: "Ku dubi yadda Inna ke yi."

Da sun duba da kyau da sun ga abin mamaki. Inna na karɓar kofin da hannu biyu, ta yi godiya, ta nufi lungun famfo ta juya baya. Tana da wani fulas mai ruwan toka da ya girmi Auta, wanda take cikawa wurin mai shayin bakin ƙofa, kuma sai ta ga ruwan na tsalle da idonta kafin ta yarda a zuba. Ta tsiyaya a kwano, ta tsoma ɗan kofin, ta bar shi har murfin ya yi gumi. Ta zubar, ta sake sabo. Sannan ta sanyaya shi a bakin famfo, ta gwada a bayan hannu, ta zo ta ba Ƙawata tana yi mata hira.

A ranta ba ta saɓa wa kowa ba. An ce a ba da magani, ta ba da. Ta dai gyara shi ne, kamar yadda za ka gyara wa yaro kifi ka cire ƙaya. Likita ta sami abin da take so, Auta ta sami kwanciyar hankali, ƙwayoyi kuma sun sami abin da ya dace da su. Har tausayin sauran jariran take ji, waɗanda ba su da kaka mai fulas.

Kwanaki suka tafi a haka. Ƙawata ta ɗan ciko, ta soma buɗe ido ɗaya tana hararar duniya. Mijin Auta na kira daga hanya, sai an kara masa waya a jikin gilashi ya yi ta kiran "Hajiyata" cikin ƙarar injin. Auta kuma ɗinkinta ya yi ruwa, aka hana ta sauka sai a keken marasa lafiya.

Sai wata safiya Inna ta sauko da kofi ta tarar da mutane a kan kwalbar. Sista ta zuƙo abin da ke cikin yarinyar ta robar hanci, ya fito kore. Likita na zagaya tef ɗin awo a cikinta. Ba sai an gaya wa Inna komai ba. Cikin ya tashi, ya yi ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ta san wannan ƙyallin. Ta ajiye kofin a hankali don kada ya faɗi.

"A tsayar da abinci," in ji Likita. "A sa mata ruwa ta jijiya, a fara allurai, a kira mai hoto. Ɗigon tana samu?"

"Kullum," in ji Sista. "Inna ce ma ke ba ta. Ba ta taɓa fashi ba."

Aka gangaro da Auta a keke. Ta ga an cire sirinjin abinci, ta ga cikin 'yarta, ta ji sunan cutar da aka taɓa ambata mata a sama. Ba ta yi ihu ba. Ta kama zanen uwarta ta cusa fuska a ciki, muryarta na fita a daƙile.

"Inna, kin faɗa ban ji ba. An gaya mini suna iya kawo ciwo, na ce a ba ta. Da bakina na ce a ba ta. Ni na jawo mata."

Inna Tafasa ta dubi ƙeyar 'yarta. Ta ga wata yarinya zaune a bakin gado tana duban hannuwanta, ta ga shekarun da ke jiran yarinyar nan, da tukwanen da za ta ɗora. Wannan kayan ta san nauyinsa, ba za ta bari a aza wa Auta ba. Ta dafa kanta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, har da ɗan alfahari.

"Share hawayenki. Ba ke ba ce, kuma ba su ba ne. Ko ɗaya bai shiga cikinta da rai ba. Kullum sai na tafasa."

Sista ta juyo a hankali kamar wadda wuyanta ya ƙage.

"Kin me, Inna?"

"Na tafasa. A ruwan fulas. Sau biyu ma nake..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga fuskar Likita, ta ga Auta ta saki zanen. Sai a lokacin jawabin nan da ya bi ta saman kanta ya dawo ya sauka, da gidansa, da ɗakunansa a buɗe. Ta tsaya a bakin ƙofar gidan jikarta, duk mutumin kirkin da ya zo tarewa ta kashe shi, ta bar ƙofar a wangale.

"Nonon ma?" in ji Likita, murya ƙasa-ƙasa. "Tare kike dafa su?"

"Tare."

Auta ta ce da mai tura keken, "Mayar da ni sama." Ba ta dubi uwarta ba.

Inna ta fita ta zauna a bencin baranda, fulas a cinya. Mata na wucewa da kofunansu suna gaishe ta, tana amsawa da ka. Bayan an ɗauki hoto Likita ta fito ta zauna kusa da ita, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Hanjin bai huje ba. Mun kama shi da wuri. Idan ta ji magani ba sai an yi aiki ba."

"Ni ce?"

"Ban sani ba, Inna, kuma babu wanda zai taɓa sani. Akwai masu shan ɗigon su kamu, akwai waɗanda ba su taɓa gani ba su tsira. Abin da na sani, garkuwa biyu muka ba ta, nonon uwarta da ɗigon nan, kuma zafi na rage wa duka biyun ƙarfi. Nonon ma abu ne mai rai."

Inna ta juya fulas ɗin a hannunta. Maganar da ba ta taɓa gaya wa ko marigayi ba ta fito da kanta, ta ɗan farin, da madarar gwangwani, da kwalbar da aka ɗauraye da ruwan sanyi. Likita ta saurara har ƙarshe.

"Wata nawa ya yi a ciki?"

"Bakwai. Ko bai cika ba."

"Kuma babu nonon uwa. Inna, wannan cutar tana kama jarirai a ɗakunan da suka fi naki tsabta. Hanji ne da bai nuna ba. Ban ga yaron ba, amma da ni ce a wurin, ba zan ɗora wa kwalbarki ba."

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci.

"To duk gawayin nan da na ƙona a banza ke nan?"

"Kayan tiyata dai sun gode," in ji Sista daga bakin ƙofa. Ta matso ta miƙa hannu. "Kawo shi."

"Me?"

"Kin sani. Ni ma da laifina, na ga fuska na daina duba hannu, abin da ke da kanki kika hana ni. Daga yau ni zan riƙa ɗigawa a bakin kwalba, ina tsaye a sha, ko uwar wa ce. Kawo fulas, Inna."

Aka kulle shi a kabad tare da takalman ma'aikata.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Inna tsawo. Ƙawata ba ci, sai ruwan jijiya da allurai, tana tsotsar leɓe tana neman abin da aka hana ta. Auta na tatsa ana ajiyewa a firij. Inna na hawa ta karɓi kofi, ta ce sannu, a ce mata yawwa, shi ke nan hirar. Da ma faɗa Auta ta yi da ya fi mata sauƙi. Mijin ya iso da ƙurar hanya a gira, aka ba shi labari, ya dubi surukarsa, ya je ya sayo mata shayi. Ta karɓa ba ta tambayi ko an wanke kofin ba, abin da ya tsorata shi fiye da komai.

Bakinta dai bai mutu duka ba. Ta ga Sista na ɗura allura a robar hannun yarinyar ta tambayi ta mece ce.

"Ta kashe ƙwayoyin cuta."

"Ikon Allah. Ku tsaya a magana ɗaya mana. Kashewa ake ko kiwo?"

"Duka biyun, Inna. Sai dai a san wa ake kashewa."

"Ni a zamanina ba a tambayarsu suna."

Kowace safiya Likita na zuwa da tef ɗinta, ta ɗora abin awo a cikin tana saurare, ido a rufe. Inna na tsaye tana karanta fuskarta. A hankali ƙyallin ya dushe, fatar ta soma tattarewa, abin da ake zuƙowa ya daina kore. Ran nan Likita ta cire abin awon daga kunnenta ta sa a na Inna. Can ciki, nesa, wani abu ya yi ƙululu kamar ruwa a bututu.

"Hanji ya tashi aiki," in ji Likita. "Za mu koma abinci kaɗan-kaɗan. Idan ya zauna, ya fita ta ƙasa lafiya, mun haye."

Aka fara da abin da bai fi jiƙa leɓe ba. Da ya zauna, Likita ta sa aka gangaro da Auta, ta sake fito da 'yar kwalbar nan, ta sake bayani daga farko, da amfanin da haɗarin, ba ta rage komai ba. Auta ta saurara. Ta juya ta dubi uwarta ido cikin ido, karo na farko tun ranar.

"A ba ta. Amma Inna ce za ta ba ta. Ina kallo."

Sista ta ɗiga. Inna ta karɓi kofin. Ƙafarta ta so ta nufi lungun famfo don sabo, ta tsayar da ita. Ta rufe kofin a tafukanta, waɗannan yamutsattsun yatsun da suka kashe abin da ba ya ƙirguwa, ta tsaya tana ɗumama miliyoyin ƙwayoyi da zafin jikinta. Ta zuba a sirinji, ta haɗa, ta ɗaga. Kafin ya gangara ta sunkuya ta yi magana da shi.

"Ku shiga da ladabi. Gidan ƙawata ne. Ku share, ku kama ɗaki, ku hana baƙi. Wanda ya yi mini ɓarna a ciki, na san inda tukunya take."

Wata mai jego a kwalbar gefe ta tuntsire. Auta ta ciji leɓe ta kau da kai, amma kafaɗunta sun tona ta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya ƙi zuwa. Inna ta zama mai gadin kunzugu. Da an buɗe sai ta leƙa, ta ga fitsari kaɗai, ta ja tsaki. "Ƙawata, abin nan ba a rowarsa. Kowa yi yake, har Likita." Ta koma ta zauna, ta sake tashi.

Da hantsi ne, Sista na can ƙarshen layi, Inna ta zura hannu ta ƙofar kwalba ta kwance kunzugun. Ga shi nan, ɗan kaɗan, ruwan ƙwai, mai laushi, babu jini ko ɗigo. Ta ɗaura sabo da sauri, ta ɗauki tsohon a tafin hannu a buɗe.

Waɗanda suka ga abin har yau suna ba da labari. Inna Tafasa, matar da ke dafa makulli, ta ratsa ɗakin jarirai da kashi a hannu tana nuna wa kowa. Ta kai wa Sista har hanci. Ta tare Likita a baranda, Likita ta duba da gaske, ta ce, "Wannan shi ne." Ta kama matakala, ƙafafun nan masu ƙara ba su ce komai ba, mai goge-goge ya matsa mata da bokitinsa yana toshe hanci. Ta faɗa ɗakin sama, ta wuce gadaje, ta ajiye shi a cinyar Auta a kan farin zanen asibiti.

Auta ta duba. Ta dubi uwarta, da ɗankwali a karkace, tana haki. Dariya ta kama ta, ta dafe ɗinkinta tana cewa wayyo, hawaye na zuba, ta jawo tsohuwar ta rungume da hannu ɗaya.

"Inna, a kan zanin gado?"

"Bar shi. A tafasa."

Ta wanke hannu daga baya, har gwiwar hannu, da sabulu, ta bi ƙarƙashin kowane farce. Amma sai da mijin Auta ya dawo daga wurin mai shayi shi ma ya gani.